Baitin da Thorkild Bai Cike Ba

Solvej Brask ba ta cin kek. A ƙasar nan tamu ta Denmark wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin in ka ɗauke mana kek da kofi ba mu san yadda za mu zauna da juna ba. Da shi muke taya mai haihuwa murna, da shi muke sallamar mai ritaya, har wanda aka kora ma sai an yanka masa. Ita kuwa in an miƙo mata faranti sai ta ce ta ƙoshi, ta tura wa na kusa. Abokan aikinta na yanzu, a ofishin masu duba tsaftar gidajen abinci can yammacin Jylland, sun ɗauka ciwon sukari gare ta. Lafiyarta lau. Ni na san dalili, don ina wurin ranar da ta ci na ƙarshe, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sunana Vibeke. Tare muka yi digiri na biyu da ita a Copenhagen, a sashen da ake horar da mutane don aikin kamfanonin da ke sarrafa ƙwayoyin halitta su fitar da magani. Ni 'yar birni ce, bakina ba ya hutawa. Ita kuma daga wani ƙauye ta fito kusa da Lemvig, bakin teku, inda iska ta koya wa mutane tsuke baki. In ta zo ta ɗaya a jarrabawa ka tambaye ta yaya, sai ta ce ba laifi. In ta ce abu bai yi muni ba, to ka tabbata ya burge ta matuƙa.

Mutum ɗaya ne a ƙauyen nan iska ta kasa, shi ne mahaifinta, Thorkild. Makiyayin shanun madara ne, matarsa ta rasu tun Solvej da yayanta Ejvind suna ƙanana, shi ya raine su. Cikinsa ba ya riƙe magana. In saniyarsa ta haihu da safe, kafin azahar mai sayar da burodi ya ji, limamin coci ya ji, direban motar madara ya ji har da launin maraƙin. Kuma shi ne mai waƙar gari. Kun san yadda muke yi, ba a biki ko cikar shekara sai wani daga dangi ya ɗauki tsohon kari ya ɗora masa sababbin baitoci a kan mai bikin, a raba wa kowa, a rera tare. A yankinsu duk wanda ya rasa mai yi masa, wurin Thorkild yake zuwa.

Solvej tana 'yar sakandare ciwon hantsa ya shiga garkensa. A yi wa saniya allura, madararta ta haramta sai an zubar, ta warke, ciwon ya dawo, a sake. Ta sha tsayawa tana kallon ubanta yana tuttular da madara a kwata, fara tas, ba abin da ido zai gani a jikinta. Ƙarshe ya sayar da shanun, ya ba maƙwabci hayar gonar. Ba ta taɓa ce mini wannan ne ya kawo ta karatunmu ba. Ba sai ta faɗa ba.

An koya mana abubuwa da yawa a sashen nan, ba zan yi musu butulci ba. Yadda ake kiwon ƙwayoyi a tukunyar ƙarfe, yadda ake wanke hannu har fata ta gaji, yadda ake tsayawa gaban masu zuba jari a yi murmushi. Amma darasin da ya fi zama shi ne na wata lauya da kamfanoni suka aiko. Ta ce doka a fili take, duk abin da ka gano, in ya fita bainar jama'a kafin a yi masa rajistar mallaka, ya zama ruwan kogi, kowa ya ɗiba, kuma babu kamfanin da zai sake kallonsa. Sai ta nuna wani yaro a gaba.

"Kai, wa kake gaya wa sirrinka?"

"Budurwata," in ji shi.

"To daga yau ta zama baƙuwa. Baki shi ke yanka wuya. Na ga aikin shekaru ya mutu saboda ɗalibi ya yi wa kawunsa hira a wurin cin abinci."

Mu muka yi dariya muka watse. Solvej ba ta yi dariya ba. Ita irin mutanen nan ce da in an ce musu kar a taka ciyawa, ko gobara ta tashi sai sun bi ta hanya.

Da muka gama, mu biyu muka samu gurbin digiri na uku na haɗin gwiwa, wato sunanka a jami'a, jikinka a kamfani. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, yana wajen gari, gini ne na gilashi mai wurin ajiye keke fiye da na mota. Shugaban rukuninmu Asger Thygesen ne. Da keke yake zuwa aiki, ba ya ɗaura taye, kowa da sunansa yake kiransa har mai goge-goge, shi yake kwaɓa burodin gidansa. Mutumin kirki ne, kuma wannan shi ne abin haushin. Da mugu ne da na san inda zan ajiye shi.

Aikin Solvej ya yi kyau. Ta gano wasu ƙwayoyi marasa cutarwa da ke zama a fatar saniya, waɗanda in aka yawaita su a hantsa suna korar masu kawo ciwon, ba allura, ba zubar da madara. Aka gwada a garke, abu ya tabbata. Ranar da sakamako ya fito na ce mata ta yi tsalle mana, ta ce ba laifi. Ta rubuta kundinta ta gama. Saura karewa, kuma a wurinmu kare kundi a fili ake yi, ko mai wucewa a titi yana iya shigowa ya zauna. Shi ya sa Asger ya ce a dakata tukuna, sai lauyoyi sun yi rajista. Ta ce to.

A tsakanin nan aka gano ciwon daji a hantar Thorkild.

Hutun Ista ta ce in raka ta gida. Muka sha jirgin ƙasa kusan yini guda. Thorkild ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, amma baki yana nan daram. Tun kafin in cire takalmi na ji tarihin likitocinsa duka, da wanda ya fi sanyin hannu. Ya shirya tebur, baƙin burodi, kifi mai tsami, dafaffen ƙwai, shi kuwa sai juya cokali yake yi. Can ya share murya.

"Dakta, na fara waƙarki."

"Ban zama dakta ba tukuna, Baba."

"Ni na ba ki, wa zai ƙwace? Vibeke, saurara ki ji, ke ce baƙuwa, ke za ki faɗi gaskiya."

Ya rera baitin farko, na ranar da aka haife ta, wai shanu suna kuka ta tsala nata suka yi shiru don kunya. Ejvind ya yi dariya har ya ƙware. Na biyu na tafiyarta birni ne da akwati mai ƙafa ɗaya. Da ya zo na uku sai ya rufe baki ya bi karin da hanci, mmm mmm, yana kaɗa yatsa, tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya buɗe baki ya rera na huɗu, na ranar karewa, da yadda shi zai zauna a layin gaba ya yi kamar ya gane.

"To na ukun fa?" na tambaya.

"Tambayi ƙawarki. Nan ne wurin abin da take yi. Shekara nawa ina tambaya, sai ta ce ƙwayoyi. Ƙwayoyin me? Ko mura ma ai ƙwayoyi ce." Ya juya wurinta. "'Yar nan, kalma ɗaya kawai. Ba ni kalma ɗaya in nemo mata 'yar'uwar da za su yi amsa-amo, sauran ni na san yadda zan yi."

"Ba a yarda ba, Baba. Sai an yi rajista."

"Wa zan gaya wa?"

Ejvind ya ce, "Baba, faɗi wa ba za ka gaya wa ba, ya fi sauƙin lissafi."

Thorkild ya wurga masa ɓawon ƙwai, aka yi dariya. Amma na ga yadda ya kalli 'yarsa bayan dariyar ta lafa, ba fushi, irin kallon mutumin da aka bari a bakin ƙofar gidansa. Ya ce, "Shi ke nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan jira."

A jirgi muna dawowa na tasa ta gaba.

"Ke wai kanki ɗaya? Mutumin nan ba shi da lokaci. Gaya masa, shanu ne fa, aikin nan nasa ne tun asali."

"Kin gan shi ai," ta ce. "In na faɗa yau, kafin Laraba ƙungiyar manoma ta ji, kafin Lahadi ya shiga waƙa. In ya fita, babu mai yin maganin. Wani ma ya yi ta zubar da madararsa."

"To ki je ki matsa wa Asger. Ki ce babanki ba lafiya."

"Wannan maganar gida ce."

Ga mu nan dai. Mu mutane ne da za mu yi shekara goma tebur ɗaya da mutum, mu san irin cukun da yake sa wa burodinsa, ba mu san uwarsa tana asibiti ba. Ta hana ni faɗa wa Asger, ta ce in na kai maganar babanta ofis ba ni ba ita. Ta je wurin Asger da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambayi inda aka kwana. Ya ɗago daga kwamfuta ya ce, "Ina sane, Solvej, zan dawo miki da magana." Ta sake komawa ana gab da hutun bazara. Ya ce, "Mu zauna bayan hutu, kin san Yuli ko wuta ce ta kama ba kowa." A wurinta tambaya sau biyu ta riga ta zama rashin kunya. Ba ta ƙara ba.

Duk ƙarshen mako tana kan hanyar Lemvig. Ta ce mini kullum sai ya rera mata waƙar, kullum sai ya yi mmm ɗinsa a na uku, yana ƙara masa tsawo, wai don in labari ya zo da yawa ya samu wurin zama. Zuwanta na ƙarshe, ana girbin sha'ir, ta same shi a gadon da aka kawo masa falo kusa da taga. Muryarsa ta dushe.

"Dakta, ko harafin farko?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Ni ma," ya ce.

Ya rasu cikin makon. Ta ɗauki hutun 'yan kwanaki, Asger ya tara mu muka aika furanni da kati, kowa ya sa hannu. Ta dawo ta sa farar riga ta ci gaba da wanke kwalabe a aikin wani, tana jiran lauyoyi.

Muna da wata al'ada a wuraren aiki, kek ɗin shirme. In ka yi kuskuren da ya taɓa mutane, ka bar firiza a buɗe ko ka fasa abu mai tsada, washegari sai ka kawo kek. A taru a ɗakin shan kofi, ka faɗi laifinka da bakinka, a tsokane ka, a ci, magana ta mutu. Wanda ya ci ya yafe, kuma duk wanda ya sake tayar da zancen bayan an ci shi ne mara tarbiyya. A da ina son al'adar nan. Tana sa mutum ya amsa kuskure ba tare da tsoro ba, kuma a ɗakin gwaji wannan yana ceton abubuwa da dama.

Wata Juma'a a Nuwamba, gari ya yi duhun nan nasa tun da rana, Asger ya shigo da tire rufe da tawul. Irin kek ɗin nan ne mai kwakwa da narkakken sukari a kai, shi ya gasa da hannunsa, har da ɗumi. Aka taru ana murna.

"Yau oga ne da kansa? Me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba," ya ce yana sosa ƙeya. "Solvej na ajiye a firiza na manta. Na sama sun yanke shawarar fita daga harkar dabbobi gaba ɗaya, ba za a yi wa aikinki rajista ba. Na so in ga ko zan juya su, ban samu ba, sai hutu ya zo, sai gyaran gini, magana ta shige mini. Jiya jami'a ta kira tana tambayar ina ɗalibarsu, na ce kai, Asger, ka yi shirme. Labari mai daɗi shi ne ba sauran sirri. Ki kare kundinki duk ranar da kika ga dama, ki gaya wa duniya."

Wani ya tafa. Solvej tana tsaye kusa da injin kofi, hannunta cikin aljihun farar riga.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Me?"

"Tun yaushe aka yanke?"

Ya kalli rufi yana tunani. "Maris ne, ina ji. Kafin Ista dai, don na tuna ban so in ɓata miki hutu ba."

"Kafin Ista?" in ji wani daga baya. "Asger, wannan ai kek biyu ne, da kirim."

Aka fashe da dariya, shi ma ya yi, ya ɗaga hannu alamar ya amsa. Ba wanda ya san komai a ɗakin nan sai ni da ita. Ni kuwa teburin Thorkild nake gani, da ɓawon ƙwai, da yatsan nan yana kaɗawa. Ranar da yake roƙon kalma ɗaya, sirrin ya riga ya mutu, gawa take gadi. Na buɗe baki, ta kalle ni, kallo ɗaya, na rufe.

Asger ya yanka mata kusurwa, inda sukari ya fi taruwa, ya ɗora a faranti ya miƙa da hannu biyu, yana ɗan rusunawa don a yi dariya.

"An yafe mini?"

Kowa ya zuba mata ido da murmushi, cokula a hannu, don ba a fara ci sai wanda aka yi wa laifi ya fara. Na roƙi Allah a raina ta kifa masa farantin a ƙirji. Amma an horar da ita da kyau, gida ya horar, makaranta ta ƙarasa. Ta karɓa. Ta ci a tsaye, loma bayan loma, ba ta bar ko ɓurɓushi ba. Ta ce, "Na gode da kek." Ta ɗauraye farantin ta jera a injin wanki, domin a wurinmu ko sarauniya ce ba ta barin faranti a tebur. Nawa kek ɗin kuwa yana nan inda aka ajiye shi har mai shara ta zo.

Na same ta a ɗakin canza kaya tana ninke farar rigarta.

"Ki koma ki gaya masa," na ce. "Ki gaya masa abin da ya ci miki. Ya sani, ya kwana da shi."

"Ai ya kawo kek," ta ce.

"Ihu bayan hari ke nan. Ubanki fa, Solvej."

"Shi bai hana ni faɗa wa Baba ba. An ce kar a faɗa, ban faɗa ba." Ta rataya jakarta. "Na iya darasin, shi ke nan."

Har yau Asger bai sani ba. Ya samu ƙarin girma, yana zuwa jami'a yana yi wa ɗalibai lacca a kan yadda shugaba nagari ke amsa kuskurensa. Ya yi wa Solvej tayin aiki a wani rukuni, da zuciya ɗaya, ya yi mamaki da ta ƙi. Maganin kuwa yana nan a kundi a ɗakin karatu, kowa yana iya karantawa, babu mai yi, tunda abin da ba na kowa ba babu mai sa kuɗinsa. Shanun Jylland suna nan suna shan allura.

A Janairu ta kare kundinta. Ejvind ya ciko motar haya da mutanen ƙauye, tsofaffin manoma cikin kwat ɗin zuwa coci, suka cika layukan gaba. Ta tsaya ta yi bayanin komai, hantsa, ƙwayoyi, garken gwaji, madarar da ba za a zubar ba. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Manoman nan suna gyaɗa kai, sun fi rabin malaman fahimtar inda aka dosa. Da aka fito wani dattijo mai sanda ya kama hannunta ya ce, "Ashe shanu ne. Da Thorkild ya ji wannan da ba mu huta ba har kaka." Yabo yake nufi. Ta ce masa, "Haka ne."

A wurin walima, cikin 'yan tutocin ƙasa da muke kafawa a tebur ranar murna da kofi, Ejvind ya ja ta gefe. Ya ce waƙar Baba tana kansa kaf, ya buga ta a takarda, kuma yanzu da kowa ya ji, shi da limami za su iya cike na ukun kafin a zauna.

"Bar shi yadda ya bari," ta ce.

Aka raba takardu, aka miƙe. Muka rera na shanun da suka ji kunya, aka yi dariya. Muka rera na akwati mai ƙafa ɗaya. Da muka zo na uku babu komai a takardar sai fili. Mutanen Copenhagen suka tsaya suna kallon juna, amma na ƙauye sun san karin, suka rufe baki suka bi shi da hanci, ɗakin duka ya ɗauka. Solvej tana tsaye a tsakiya da takardar a hannu, ita kaɗai ba ta yi ba. Muka yi ta yi, muna jiran ya ƙare bai ƙare ba. Baitin ya yi tsawo ƙwarai, don Thorkild ya bar wa maganar wuri mai yawa.